Baƙuwar da Ba Ta da Fatoma

Akwai wani irin zama da ya yawaita a duniya tun shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta rufe ofisoshi, ma'aikata suka koma yin aiki daga ɗakunansu. Da suka ga aiki yana tafiya ta kwamfuta da intanet, sai waɗansu suka ce, in haka ne, ba dole ɗakin ya kasance a garinsu ba. Cikinsu har da mata, wata akawu, wata mai fassara, wata mai zane, kowace ta ɗauki na'urarta ta tafi wata ƙasa ta kama ɗaki ita kaɗai. Ga ta a Lisbon ta ƙasar Fotugal, kamfanin da take yi wa aiki yana New York, albashi yana shiga asusunta na banki, ba wanda ya ga wani.

Ƙasashe kuwa suka buɗe ƙofa, gama baƙon da ya zo da albashinsa bai ƙwace aikin ɗan gari ba. A watan Yuli 2020 tsibirin Barbados ya fito da takardar zama ta wata 12, kuɗinta dala 2,000, ga mai samun dala 50,000 a shekara. Estoniya ta bi baya a watan Agusta, Dubai a watan Oktoba. Fotugal ta yi tata a Oktoban 2022, bisa sharaɗin samun mutum ya kai ninki huɗu na mafi ƙarancin albashin ƙasar.

To, jama'a sun rabu biyu a kan wannan mace. Waɗansu suna zarginta, waɗansu suna sha'awar zamanta, amma duka biyu sun bar jaki suna dukan taiki. Yin sana'a daga ɗaki ba aibu ba ne. Matan kulle sun daɗe suna suyar ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula a cikin gida, yara suna kai talla, intanet kuwa ɗan talla ne mai dogon zango. Abin dubawa shi ne kaɗaici.

Fatake sun san wannan babi. A zamanin fataucin goro, falke in ya isa Salaga ta ƙasar Gwanja ko Kumasi, zango yake nufa ya sauka gidan fatoma. Fatoma shi ne mai ba shi ɗaki, mai ajiye masa kaya, mai haɗa shi da dillali, mai tsaya masa in rigima ta taso, mai aikawa gida in ciwo ya kama shi. Ita wannan baƙuwa ba ta da ko ɗaya. Ta waya ta kama ɗakin, sau da yawa ba ta taɓa ganin mai gidan ba. Ba ta da ofishin da za a ga kujerarta ba kowa a tambaya. In zazzaɓi ya kwantar da ita kwana uku, abin da abokan aikinta za su gani kawai shi ne ba ta amsa saƙo ba.

Har wa yau agogo ma yana raba ta da mutane. Lisbon tana gaban New York da awa biyar. In an buɗe aiki can da ƙarfe 9 na safe, ita ƙarfe 2 na rana ke nan, ba za ta tashi ba sai ƙarfe 10 na dare. Watau da safe tana da sarari, maƙwabta suna wurin aiki, da maraice maƙwabta suna hira, ita tana gaban na'ura. Haka za ta shekara a unguwa ba wanda ya san sunanta.

Sa'an nan ga maganar doka. Mai takardar ziyara a ƙasashen Turai na yankin Shengen kwana 90 aka ba shi cikin kwana 180, kuma izinin ziyara dabam, izinin aiki dabam. A watan Janairu 2021 hukumar Indonesiya ta kori wata Ba'amurkiya daga tsibirin Bali, cikin abubuwan da aka tuhume ta da su har da yin sana'a da takardar ziyara. A ƙasashe da yawa kuma wanda ya wuce kwana 183 a shekara haraji ya hau kansa. Hatsarin ya wuce tara da kora. Wadda takardarta ba ta cika ba tsoron 'yan sanda take yi, saboda haka in mai gida ya cuce ta, ko wani ya matsa mata da bibiya, sai ta haɗiye. Mugu kuwa yana gane wadda ba ta da inda za ta kai ƙara.

Kada kuma ta ɗauka 'yan gari murna suke yi da ita. Kuɗin haya ya hau a Lisbon har mutane suka fito zanga-zanga a watan Afrilu 2023, kuma cikin waɗanda ake ɗora wa laifi akwai baƙi masu albashin waje. Wadda ta shiga unguwa irin wannan ba ta gaida kowa, ta ƙara wa wuta itace.

Mai gardama zai ce, ai babba ce, namiji ma haka yake zaune. Gaskiya ne, kaɗaici ba ya kyautata wa kowa, amma mai mugun nufi ya fi ƙwallafa rai a kan mace. Malaman Malikiyya da suka yarda mace ta tafi hajjin farilla cikin ayari amintacce in ta rasa muharrami, aminci suka duba. Wannan ma'auni yana da amfani ga kowace matafiya.

Saboda haka wadda ta yi niyya ta nemi abu uku kafin ta zauna. Na fari, takardar da ta halatta mata aikin a fili. Na biyu, kuɗin jirgin komawa gida, a ajiye ba a taɓawa. Na uku, wanda ya fi su duka, ta yi wa kanta fatoma: ta koyi harshen garin ko da na gaisuwa ne, ta riƙe kanti ɗaya, ta sami dattijuwa cikin maƙwabta ta ba ta mabuɗi na biyu da lambar wayar gida. Baƙo ko da ido makaho ne.

Iyaye da dangi kuma kada fushi ya sa su yanke mata zumunci. Wadda aka daina kiranta a waya an cire mata shinge na ƙarshe, in wahala ta same ta kunya za ta hana ta faɗa. A sa ranar gaisuwa kowane mako, a san sunan unguwarta, a san wanda za a kira in wayarta ta yi shiru.

Allah ya kiyaye matafiya, ya mai da kowa gida lafiya. Haza wassalam.