ZAUREN 'YAN MATA: Hoton rawa a cikin ɗaki

  

Yau dai ba zancen samari zan yi muku ba, kunyar da na sha a bikin 'yar yayar mamana zan ba ku labari. Ranar kamu iyaye suka ce atafau namiji ba zai shiga falon da mata ke rawa ba, gaskiyarsu kuwa. Mai hoto ya tsaya a ƙofar gida, ya miƙo kyamararsa ya ce a ba wadda ta iya. Ni kuma da rawar kai na ce kawo. Na murɗa ta kan koren nan da kyamara ke yi wa kanta komai, na yi ta dannawa har aka tashi.

Wayyo ni! Da hotuna suka fito, na gaba fuskarsu fari fat kamar an watsa musu gari, bayansu kuwa duhu dunɗum, ba ka ganin ko labulen kwalliyar da aka kashe wa kuɗi. Waɗanda filasha ba ta tashi ba, ƙawayen amarya sun koma kamar hayaƙi. Amarya ta kalla ta kalla, ta ce "Yaya, shi ke nan kamuna?" sai hawaye. Kun san kamu ba a maimaita shi.

Bayan biki na cire kunya na je shagon dattijon mai hoton nan. Na ce "Baba, don Allah ina na kuskure?" Ya yi dariya ya ce in zauna.

Abin da ya fara sa min a kai shi ne: a ɗaki mai ƙarancin haske, filasha ce ke tsayar da mai rawa cak. Walƙiyarta gajera ce ƙwarai, sau da yawa ba ta wuce kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa ba, don haka duk juyin da yarinya ke yi, a wannan ƙiftawar aka kama ta. Shi kuwa shata (ba marigayi Mamman Shata ba fa, ɗan labulen cikin kyamara da ke buɗewa ya rufe) aikinsa a nan shi ne ya ƙayyade yawan hasken ɗakin da zai shigo. In ya rufe da sauri, baya ya yi baƙi. In ya ɗan jinkirta, fitilu da labule da jama'ar baya su fito. Wallahi da na gane wannan sai na ji kamar an yaye min mayafi daga ido.

To ga yadda nake yi yanzu. Ina murɗa kyamara kan harafin M. Ƙofar haske ina sa ta f/4, in kuma 'yan mata sun yi layi biyu na mayar f/5.6 don na baya ma su fito tas. ISO 800, wani lokacin 400 in ɗakin da haske. Shata ina farawa da 1/60, in ɗauki gwaji ɗaya in duba. Baya ya yi duhu? In sauko 1/30. Hannun masu rawa na barin inuwa-inuwa saboda fitilun ɗakin sun yi ƙarfi? In hau 1/125. Sai dai kada ki wuce 1/200, wasu kyamarorin 1/250, domin nan ne iyakar tafiyar shata da filasha tare. Kika wuce, sai ki ga baƙin zane ya yanke rabin hoto, in kyamarar ba ta hana ki da kanta ba. Ita filashar ki bar ta a TTL ta auna ƙarfinta da kanta, in fuskoki sun yi fari da yawa ki rage mata kaɗan.

Idan irin filashar da ake ɗorawa a sama ce mai lanƙwasa kai, don Allah kada ki haska wa mutane ido kai tsaye. Ɗaga kanta sama, haske ya bugi farin silin ya sauko a hankali. Fata ta yi sumul, jan idon nan irin na mage ya ɓace, duwatsun leshi su daina ƙyalli kamar fitilar mota. Amma ki ɗaga kai ki duba tukuna: in an lulluɓe silin da jan yadi, kowa ja zai fito, har uwar ango. 'Yar ƙaramar filashar jikin kyamara kuwa ba ta da nisa, sai kin matso. Kika ninka nisanki da mai rawa, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne ke isa gare ta.

Akwai wani salo da nake mutuwar so. Ki sa shata 1/15, ki zaɓi filasha ta tashi a ƙarshen buɗewa, a Nikon an rubuta REAR. Fuska za ta fito garau, gyale kuma ya bar wani zare-zare na launi a bayanta, kana gani ka san rawa ake. Cikin goma ƙila uku ne za su yi kyau, shi ya sa ba na gwada shi a kan amarya sai na tara nata masu kyau.

Masu waya ku yi haƙuri, fitilar waya ba walƙiya take ba, haskawa kawai take, ba ta iya tsayar da motsi. Ku nemi inda haske ya fi yawa ku tsaya.

Sauran kuma na ido ne da kunne. Ki sa kyamara ta riƙa bin mai motsi, AF-C a Nikon, AI Servo a Canon. Ki saurari kiɗan, musamman in na ƙwarya ne, akwai inda mai rawa ke ɗan dakatawa hannu a sama, nan za ki danna. Lokacin liƙi ma haka, kuɗi na iska. Kada ki jera dannawa, filasha na buƙatar ta cika tukuna, kuma ki zo da batir na ajiya a jaka. Ki kauce wa madubin bango. Ku kuma masu kwalliya, wata farar hodar da ake dannawa ƙarƙashin ido ba a ganinta a fili, filasha na tashi take tona asiri. A gwada hoto ɗaya tun amarya na ɗaki.

Abu ɗaya da Baba ya ja min kunne a kai: an ba ni kyamarar ne don ni mace ce, matan aure sun saki jiki. Wadda ɗankwalinta ya zame, ko rawa ta ɗebe ta, ina goge hoton nan take kafin kyamara ta fita ƙofa. Hoto ɗaya a WhatsApp ya isa ya tayar da rigima a gidan wata.

Amaryar tamu ta haihu, ranar suna ni ta sake miƙa wa kyamara, tana harara ta tana dariya. Falon mijinta silin ɗin katako ne ruwan ƙasa, dole na juya kan filasha ga farin bango na gefe.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.