Burs ɗinmu kaɗai muka iya yi wa kuka?

Ƴan uwa ɗalibai, ku yi haƙuri, zan faɗi maganar da ba a so a ji a wajen taronmu. In burs ya yi jinkiri, kowa sai ya zama zaki: a rufe aji, a rubuta sanarwa, a tuna wa duniya ɗalibai 3 da suka faɗi a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990. Haƙƙinmu ne, ban musa ba, kuma da ni ake fita. Amma mu da muka kai jami'a, ko ta Abdou Moumouni, ko ta Maraɗi, Damagaram da Tawa, ai mun riga mun ƙetare ruwa. Su wa ke magana a kan waɗanda ruwan ya ci?

Inda ake asarar yara, ba a bakin ƙofar jami'a ba ne. Tsakanin CM2 da sizyam ne. Yaron ƙauye ya ci, aka ce ya tafi kwaleji, kwalejin kuma tana wani gari. To ina zai kwana? Wa zai ci da shi? Sai a roƙi wani ya zama mai masauki, shi ma da ƙyar yake riƙe nasa gidan. Namiji ya jure yunwa wata biyu, uku, ya ajiye kaye ya tafi bida Najeriya ko Libiya. Ɗiya mace kuwa ta koma ƴar aikin gidan: daka, ɗebo ruwa, talla. Uban ya ji labari, ya ce ta dawo, aure ya fi. Sai mu zauna a inuwa muna cewa mutanen karkara ba su son boko. Ƙarya ce wallahi! Wane uba ne zai bar ɗiyarsa a hannun da bai yarda da shi ba?

A lakkol ɗin garinmu akwai yarinyar da ke kayar da mu duka a lissafi. Ni na samu kawu a birni, ita ba ta samu ba. Iyakar bambancin ke nan, kuma shi ya sa nake ware dala ɗari duk wata don wannan harka.

Wani zai ce aikin gwamnati ne. Ƙwarai. Tun 2017 akwai dokar riƙe ɗiya mata a makaranta har shekara 16, sai dai takardar doka ba ta dafa tuwo. Mu matsa a gina musu wurin kwana, da irin muryar da muke neman namu kuɗin. Kafin nan fa? Dala ɗari ba ta kai abin da muke ƙonawa a intanet cikin sati ba. Mutum 20 suka haɗa, jika 10 ke nan kowane wata: hatsin da za a kai gidan mai masauki, sabulu, kaye, fitila.

Masu cewa a je wajen alhazai, na ji. Mu je, amma da littafin da ke nuna abin da mu muka fara zubawa.