Wai Shisshigi Ne Ya Kai Shi Sifen?

Ya ku 'yan makaranta, kwanan baya na karanta wa yaran ajina labarin wasiƙun da wani saurayi mutumin Ostareliya, mai suna Lloyd Edmonds, ya riƙa aika wa gida daga fagen yaƙin basasar Sifen. Da na fito, sai wani malami abokin aikina ya tare ni, ya ce, "Malam, ina ruwan biri da gada? Mutum ya bar ƙasarsu lafiya lau, ya je ya tsoma baki cikin faɗan da ba nasa ba!" To, ga amsata, na kawo ta fili don ku ma ku auna.

A shekarar 1936 ne Janar Franko da waɗansu manyan soja suka tayar wa gwamnatin da jama'ar Sifen suka zaɓa. Hitila da Musolini suka aiko masa da jiragen sama da mayaƙa. Ingila da Faransa kuwa suka ce ba ruwan kowa, gwamnatin Ostareliya ta bi sahunsu. Ran 26 ga Afrilu 1937 jiragen Jamus da na Italiya suka ragargaza garin Ganika, ranar kasuwa. A wannan shekara Edmonds ya bar Landan ya shiga rundunar 'yan sa kai, aka ba shi tuƙin babbar mota. Mutanen ƙasarsu da suka je ba su kai ɗari ba, har da mata masu jiyya.

Ban ce ɓangaren da ya bi tsarkaka ne ba. A yankinsu an kashe dubban limaman Kirista, abin kunya ne, ba kuwa mai wanke shi. Na kuma yarda wasiƙar soja sai mai tacewa ya duba ta kafin ta wuce, balle ɗa ba ya son tayar da hankalin mahaifinsa. Amma duk da haka ganau ne ya rubuta su, ba jiyau ba, don haka ne aka tattara su aka buga a 1985.

Shisshigi kuwa, sai mu duba lissafi. Franko ya gama cin yaƙi ran 1 ga Afrilu 1939. Wata biyar cur bayan haka Jamus ta afka wa Folan, kwana biyu tsakani Ostareliya ta sami kanta cikin yaƙin duniya. Masu cewa ba ruwansu, su ne suka kwashi samarinsu jirgi jirgi zuwa hamadar Libiya, su kara da sojan Musolini da na Hitila ɗin nan. Mu ma nan ba mu tsira ba, don wannan gobara ce ta kai 'yan'uwanmu Habasha da Bama.

Saboda haka, malam, mai shafa wa gemunsa ruwa tun yana hangen hayaƙi a na maƙwabci, shi za ka kira mai shisshigi? In kana da hujja, shafin nan a buɗe yake, rubuto mako mai zuwa, yara na jira.