Kada Ku Raina Zaman Nima

'Yan'uwana, akwai wata magana da na gaji da ji a bakin mutanenmu na birnin Akra, a ƙasar Gana. Da zarar mutum ya sami ɗan abin hannu, sai a fara zuga shi: "Har yanzu kana Nima? Ai mai arziki ba ya zaman zango. Tafi Kasoa ka sayi fili, ka yi katanga, ka huta." Wannan shawara tana da daɗin ji, amma ni na ce ta cuci gidaje da yawa. Shekaruna da dama ina shiga gidajen mutanenmu ina gaida marasa lafiya, a Nima da kuma can bayan gari inda waɗansu suka koma. Abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Mu fara duba inda Nima take. Ga Kanda a gefe, ga Mamobi, ga asibitin soja da ake kira 37, fadar shugaban ƙasa ma ba ta da nisa. Daga bakin babban titi ba ka daɗewa tsaye sai ka ji yaron mota yana kiran sunan inda za ka. Motocin haya da muke kira trotro suna kai mutum shataletalen Kwame Nkrumah ko kasuwar Makola cikin ɗan lokaci, in kuwa aljihu ya bushe, ƙafa ma tana kai mai ƙarfi. Mai gadi, da mai wanki, da mai sayar da koko da ƙosai, da malamar asibiti, duk suna isa wurin aiki ba tare da sun raba dare ba. Wannan kusanci dukiya ce, ko da yake ba a rubuta ta a takardar haya.

Yanzu ku dubi wanda ya bi shawarar. Na san wani magidanci, tela ne, wanda ya bar ɗakinsa na Nima ya gina ɗaki biyu a bayan Kasoa, wajen kilomita 30 daga tsakiyar Akra. Fili ya samu da araha, gaskiya ne. Amma masu ba shi ɗinki suna cikin birni, don haka shagonsa bai bi shi ba. Yakan tashi ƙarfe huɗu na asuba don ya riga cunkoso, duk da haka yakan yi kamar sa'a biyu a hanya da safe, sa'a biyu da dare. Ku yi lissafi da ni. Sa'a huɗu sau kwana shida, sa'a 24 ke nan. Ashe kowane mako hanya tana cinye masa yini guda da darensa, a shekara kuwa kwana 52. Wa zai biya shi waɗannan kwanaki? Yana fita yaransa suna barci, yana dawowa suna barci. Kuɗin hayar da ya ce ya tsira daga gare shi, yanzu yaron mota ne ke karɓa kowace safiya. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Ranar da naƙuda ta kama matarsa da tsakar dare, babu mota a layinsu, maƙwabta kuwa kowa yana bayan katangarsa, ba su ma san sunan juna ba. Allah ya kiyaye ta, amma da ƙyar. Da a Nima ne, kafin ya gama buga ƙofa ɗaya mata biyar sun fito, wani direban tasi ya tada mota, asibitin Mamobi kuwa ga shi nan.

Abu na biyu da masu zugar nan ba su gane ba shi ne amfanin cuɗanya. A Nima mai bene da mai ɗaki ɗaya suna bin lungu guda. Alhaji mai motoci yana sayen wake da shinkafa wurin matar da leburansa ke saye. Bahaushe, da Bafarafare, da Badagombe, da Bazabarme, da mutumin Togo, Kirista da Musulmi, duk Hausa ta haɗa su a kasuwar Laraba. Nana Akufo-Addo ma, wanda ya mulki Gana daga 2017 zuwa farkon 2025, gidansa a Nima yake. Yaron talaka da ya tashi yana ganin lauya da malamin makaranta suna wucewa ta ƙofar gidansu ya san mutum irinsa na iya zama haka. Aiki ma ta bakin maƙwabci ake jin labarinsa. Mai arziki kuma da ke jin kukan yaron maƙwabcinsa ta bango ba ya iya cewa bai san ana yunwa ba. In aka ware masu kuɗi a unguwa mai ƙofar ƙarfe, aka tura talakawa bakin daji, mai kuɗi ya rasa tausayi, talaka ya rasa tsani.

Na san abin da za ku ce. Za ku ce Nima ta cika maƙil, mutum shida a ɗaki ɗaya, ana layi a bayan gida na haya, babbar kwatar da ta ratsa unguwar tana wari, ga ɓarayi, ga hayaniya. Ban musa ko ɗaya ba, ni ma hancina yana aiki. Amma wanne daga cikin waɗannan ne laifin kusanci? Kwata gyara take so. Bayan gida gini yake so, a kuma tilasta wa masu gidaje su yi shi. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma ga shi ana neman na shekara biyu, kowa ya yi shiru. A 2017 majalisa ta kafa asusun raya zango. To, mu tambayi wakilanmu me lungunmu ya samu daga ciki. Wanda jinkarsa ke yoyo ciyawa yake nema, ba ya ƙone ɗakin.

Ina kuma da magana da mahukunta, domin ba kowa ne ke barin tsakiyar gari da son ransa ba. Bayan ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015, wadda ta kashe mutum fiye da 150 kusa da shataletalen Nkrumah, an kai motocin rusau Tsohuwar Fadama, mutane da yawa suka wayi gari ba wurin kwana. A Yulin 2021 aka tashi masu albasa na Agbogbloshie, da yawansu masu jin Hausa ne, aka kai su Adjen Kotoku, can nesa bayan gari. Kullum sunan abin tsabta da ƙawata birni. Amma birnin da ke son mai shara da mai dako su yi masa aiki da safe, ba ya kuma son ganinsu da dare, wane irin adalci ke nan? Fili kusa da gari yana da tsada, shi ya sa idon masu kuɗi ke kan Nima. In za a sake gina ta, a gina ta domin waɗanda ke cikinta, a rubuce, kafin a taɓa bulo ɗaya.

Ba na cewa sayen fili zunubi ne. Mai noma, ko wanda aikinsa ke can, ko tsohon da ya gama aiki, ya tafi da albarka. Amma kai da abincinka ke cikin birni, kafin ka sa hannu a takarda, ka je ka kwana can mako guda, ka bi motar asuba, ka ƙidaya sa'o'i da kuɗin mota, ka tambayi matarka ina kasuwa, ina asibiti, ina makarantar yara. Ku kuma da Allah ya buɗa muku, ku zauna ku gyara gidan gado, ku ɗora bene, ku haƙa bayan gida, ku shiga taron unguwa. In duk mai ilimi da mai hali ya gudu, wa zai tsaya gaban hukuma ranar da aka zo da jan fenti ana shafa wa bango?