Ƙafa uku ta kamara: wadda ta dace da aljihun malami da ƙurar ajinmu

Bara wani ɗalibina da ke koyon aiki a wata firamare ta ƙauye ya rantse mini cewa yana tambayar ƴan mata daidai da yadda yake tambayar maza. Na ɗauki darasinsa da salula, muka zauna muka kalla. Cikin minti 20, sau ɗaya tak ya juya ɓangaren da ƴan matan suke zaune. Bai yi gardama ba, shiru kawai ya yi. Na daɗe ina rubuta wa masu koyon malanta irin wannan gyara da jan biro, amma ba ta taɓa shiga kamar yadda ta shiga ranar ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1963 aka fara ta a jami'ar Stanford ta Amurka: malami ya ba da gajeren darasi, a ɗauka, ya kalli kansa, ya sake. A wancan lokaci sai da na'urori masu tsada. Yau kamarar tana aljihun kowa, abin da zai riƙe ta ne babu. Hannu yana rawa, mai riƙewa yana bin abin da ya burge shi, yara kuma shi suke kallo maimakon allo. In ka jingina wayar da bulo a kan tebur, ƙeyar yara za ka ɗauko. Shi ya sa nake ganin ya kamata kowace makaranta ta mallaki ƙafa uku, wadda masu shago ke kira da sunanta na Faransanci, trépied.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: makarantar da yara ke zaune ƙasa cikin ajin zana, ina ita ina kayan ɗaukar hoto? Suna da gaskiya, kuma ban ce a saye ta kafin benci da alli ba. Sai dai sayen sau ɗaya ne, kuma makarantun da ke haɗuwa a CAPED guda za su iya yin karo-karo su sayi ɗaya, tana zagayawa tsakaninsu.

Wajen zaɓe ne ake asarar kuɗi, ni ma na yi. Ta farko da na saya, rashin nauyinta ne ya ruɗe ni, ga araha. Ƙafafun kamar karan gero. Wata safiya ta hunturu a filin makaranta iska ta kifar da ita, gilashin wayata ya tsage, gyaran ya fi kuɗin ƙafar. Tun daga nan na gane cewa rashin nauyi yana da iyaka. Ga waya ko ƙaramar kamara, wadda ta kai kilo 1 zuwa 1 da rabi ta isa: ba ta gajiyar da kai, ba ta kuma bin iska. In an naɗe ta kada ta wuce santimita 45, don ta shiga jaka a hau kabu-kabu da ita. In an miƙe ta, ta kai kusan ƙirjin babban mutum ba tare da an ɗaga sandar tsakiya ba, domin da zarar ka ɗaga sandar nan har ƙarshe, ƙafa ukun ta koma kamar ƙafa ɗaya, hoton sai rawa. A lura kuma da yawan gaɓoɓi. Mai gaɓa biyar tana naɗuwa ƙarama, amma gaɓar ƙasa siririya ce ƙwarai. Uku ko huɗu sun fi.

Ta alminiyom za a nema. Akwai ta kabon, ta fi sauƙin ɗauka, amma kuɗinta na masu sana'ar hoto ne, ba na ɗan kwantiragi ba. Waɗannan dogayen masu zoben fitila da matasa ke saye don TikTok kuwa, an yi su ne don fuskar mutum ɗaya a cikin ɗaki.

Abin da ɗan kasuwa ba zai gaya maka ba shi ne maganar yashi. Makullan ƙafafu iri biyu ne: na murɗawa da na ɓallewa. Na murɗawa in yashi ya shiga zarensa sai an warware an wanke. Na ɓallewa ya fi sauri, amma in robarsa ta banza ce, rana tana busar da ita ta karye. Ni na fi son na ɓallewa mai ɗan kusa da ake iya ƙara ɗaurewa. Kowanne ka samu, tsumma busasshe ne maganinsa. Kada a zuba mai, mai yana kama ƙura.

Kusar da ke samanta kusan iri ɗaya ce a duk kamarori, mai kaurin kwata na inci, amma waya ba ta da ramin kusa, sai da maƙali. A tabbata yana ciki, kuma a gwada shi da wayar da rigarta tun a shago. A miƙe ƙafafun, a danna kan da tafin hannu. In gaɓa ta zame, a ajiye ta. In akwai ƙugiya a ƙasan sandar tsakiya, a rataya jakar littattafai ranar iska.

Saura maganar da ta fi waɗannan duka nauyi, wato yaran da ke cikin hoton. Kafin a kafa ƙafa uku a aji, darakta ya sanar da kwamitin iyaye abin da za a ɗauka da wanda zai kalla. A ajiye ta a bayan aji daga gefe, ta fuskanci malami da allo, ba fuskokin yara ba, kuma kusa yadda murya za ta fito. Ɗalibaina sun san sharaɗina: bidiyon ba ya hawa WhatsApp, kuma a gabana ake goge shi bayan mun gama tattaunawa.