WASANNIN INTANET: MU KOYI YI, BA BUGAWA KAWAI BA

Iyaye da malamai da yawa suna ɗaukar 'yan ƙananan wasannin da ake bugawa a shafukan intanet a matsayin shirme da ɓata lokaci. Wasannin da nake nufi su ne waɗanda ba sai an saya ba, ba kuma sai an ɗora su a kwamfuta ba. Da an buɗe shafi sai wasa. To amma Hausawa sun ce raina kama ka ga gayya. A ganina tarihin waɗannan wasanni yana ɗauke da darasi babba ga kowane ɗalibi.

A shekarar 1996 wani kamfani a Amurka mai suna Macromedia ya fito da manhajar Flash. Ita wannan manhaja da lissafin layuka da siffofi take zana hoto, ba ta ajiye shi ɗigo-ɗigo, don haka wasannin da aka yi da ita ba su da nauyi. Wannan ya taimaka ƙwarai, domin a lokacin ta layin tarho intanet take zuwa, tana tafiyar hawainiya. Nan da nan matasa suka rungume ta. Tom Fulp yana ɗan makaranta ya buɗe shafin da ya zama Newgrounds a 1995, kuma daga 2000 kowa na iya aika wasan da ya yi jama'a su gwada. Miniclip ya biyo baya a 2001, Kongregate a 2006, sannan FarmVille ya mamaye Facebook a 2009.

Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Flash mallakar kamfani ɗaya ce, wato Adobe, wanda ya sayi Macromedia a 2005. A 2010 Steve Jobs na kamfanin Apple ya bayyana dalilansa na ƙin barin ta a iPhone: tana shan batir, ba ta da tsaro, ba ta kuma dace da allon da ake taɓawa da yatsa ba. A 2017 Adobe ya sanar zai yi watsi da ita, ya kuma cika alkawari ran 31 ga Disamba, 2020. A ranar ce aka rufe FarmVille na asali. Da ba don masu aikin sa kai irin na Flashpoint da Ruffle ba, da dubban wasanni sun salwanta.

Yanzu da HTML5 da JavaScript ake yin irin waɗannan wasanni, kuma babu mai biyan kuɗi kafin ya yi aiki da su. Da su ne Gabriele Cirulli, ɗan Italiya mai shekara 19, ya yi wasan 2048 cikin hutun ƙarshen mako ɗaya a 2014, ya kuma bar rubutunsa a fili don kowa ya karanta. Josh Wardle ya saki Wordle a 2021, kafin jaridar New York Times ta saye shi a 2022.

Gaskiya ne wasa na cinye lokacin karatu da kuɗin data, kuma ɗalibin da ya kwana yana danna waya zai ga sakamako ranar jarrabawa. Amma maganin wannan shi ne ƙa'ida. Ko Wordle kalma ɗaya yake bayarwa a rana, in ka gama sai gobe.

Saboda haka ina roƙon hukumar makaranta ta ware sa'a ɗaya a mako a ɗakin kwamfuta don koyar da JavaScript. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, duk wasan da kuka buɗe ku tambayi kanku yadda aka yi shi. Muna da dara, muna da kacici-kacici da karin magana, duk za su zauna daram a shafin intanet da harshenmu. Allah ya ba mu basira irin wadda ya ba waɗancan matasa, saura mu yi aiki da ita.