Manhajar Nazarin Hausa Ta Riƙa Tafiya da Guzurinta

Kayan nazarin Hausa na kwamfuta sun yawaita a 'yan shekarun nan: ƙamusoshi, allunan buga baƙaƙe masu ƙugiya, taskokin matani, har da manhajojin sanya alamar karin sauti. Sai dai akasarinsu an gina su ne bisa zaton cewa intanet na nan ko'ina, a kowane lokaci. Ɗalibin da ke zaune a unguwar Goudji cikin birnin Njamena ya san wannan zato ba shi da tushe. Chadi ba ta da gaɓar teku, manyan wayoyin intanet ɗinta ta maƙwabta irin su Kamaru da Sudan suke shigowa, kuɗin data kuwa sai mai hali. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, wata 16 ke nan, hukuma ta toshe kafafen sada zumunta a ƙasar. Abin lura, daga Tafkin Chadi aka samo sunan dangin harsunan da Hausa take cikinsu, amma masu nazarinta a bakin kogin Shari su ne ake mantawa da su in an tashi rabon kayan aiki.

Ra'ayina shi ne, duk wanda ya ƙera manhaja don nazarin Hausa, aikinsa bai kammala ba sai ya ɗaure ta cikin fayil guda mai cin gashin kansa, wanda za a kwafa a filashi, a danna, ya tashi ba tare da neman komai daga waje ba.

Ga yadda abin yake. Manhaja ba ta aiki ita kaɗai. Wadda aka rubuta da harshen Python, alal misali, tana buƙatar tafintan da zai karanta mata umarni, da tarin ƙananan manhajoji na wasu mutane da ta jingina da su. A kwamfutar mai ita duk suna nan, shi ya sa yake ganin komai lafiya lau. Da ta isa hannun ɗalibi sai ta ce a sauko mata da wannan, a sauko mata da wancan, kafin a ankara data ta ƙare, ɗoki ya koma ciki. Kayan ɗauri irin su PyInstaller suna tattara tafintan da sauran buƙatun su ƙulle su a ƙunshi ɗaya. Amma kowane tsarin kwamfuta da nasa ƙunshin: Windows na karɓar fayil mai ƙarewa da .exe, macOS na da .dmg, Linux na da AppImage da makamantansa, wayar Android kuma .apk. PyInstaller ba ya ɗaure na wani tsari daga cikin wani. Wanda ke son na Windows, dole a Windows zai ɗaura. Wahala ce, ba na musu, amma ta mutum ɗaya ce ta ɗauke wa ɗaruruwa.

Ba sabon abu nake kira gare shi ba. Kiwix, wadda aka fara a 2007, tana ba mutum damar karanta Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da intanet ba, kuma tana aiki a Windows da macOS da Linux da Android da iOS. Keyman ta ƙungiyar SIL ita ma haka take wajen allunan rubutu.

Akwai wani dalilin da ya keɓanci harshenmu, kuma shi ya fi damuna a matsayina na malami. Allon kwamfutar da aka saba da shi a Njamena tsarin Faransanci ne, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a kansa. Sigar rubutun da ke cikin tsohuwar kwamfuta ma kan rasa waɗannan baƙaƙe, sai ka ga ɗan akwati a gurbin harafi. Ɗalibin da ya nemi “ƙafa” a ƙamus ya faɗa kan “kafa”, ko ya kasa bambanta “baƙi” da “baki”, an cuce shi a ainihin darasin da ya zo koya. Saboda haka ƙunshin ya zo da sigar rubutunsa da allonsa a ciki. Ya kuma san cewa Nijar na rubuta ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y, domin littattafan ƙasashen biyu duk suna iya faɗowa hannun ɗalibi. In akwai Ajami, sigogi irin su Alkalami da Harmattan kyauta suke, lasisinsu ya yarda a haɗa su cikin manhaja.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na raina su. Sun ce ƙunshi yana da nauyi. Gaskiya ne ga abin da aka ɗaure da Electron, domin yana jan mashigin Chromium sukutum a bayansa. Amma wannan zaɓin maƙeri ne. Matanin ƙamus kamar na Bargery na 1934, duk da shafi fiye da dubu, bai kai nauyin gajeren bidiyo ba. Sun ce kuma gyaran kuskure ya fi sauƙi a shafin intanet. Haka ne, sai dai ƙamus ba jarida ba ne, sabuntawa sau ɗaya a shekara ta wadatar.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta tsaro. Fayil mai yawo daga filashi zuwa filashi ƙofa ce ga ƙwayar cutar kwamfuta, shi ya sa Windows ke gargaɗi kan manhajar da ba ta da hatimin mai ita, Apple kuma ke karɓar dala 99 a shekara kafin maƙeri ya sami damar buga hatimin. Ɗalibi ɗaya ba zai iya ba, amma sashen Hausa na jami'a zai iya, ya riƙe hatimi guda da sunansa, ya zama shi ne rijiyar da kowa ke ɗiba.

Saura batun tsofaffin na'urori. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020, Python kuma daga fitowa ta 3.9 ba ya tashi a kanta, alhali kwamfutocin hannu na biyu masu ɗauke da ita ba su ƙare a hannun ɗalibai ba. Maƙeri ya samo irin wannan kwamfuta, ya cire ta daga intanet, ya gwada ƙunshinsa a kanta kafin ya ce wa kowa ya gama.